Gwanda Mai Ƙaya

A Mil Tuwel na gan ta, ranar Talata,
ruwa ya tsagaita, caɓi har idon sawu,
tana kan faranti, koriya shar, jiki duk ƙaya,
kamar bushiyar da ta yi rufa da ganye.

Iya Morenike ta faɗi sunanta sau uku,
sau uku harshena ya yi tuntuɓe.
Na ce, "Bar shi, Iya, gwanda ce mai ƙaya."
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.
Kashi biyu na albasa na ba ta, 'yar Aliero,
ta miƙo min ita kamar mai miƙa jinjiri.

"Kada ka sa mata wuƙa," in ji ta, da Hausar kasuwa.
"Naɗe ta a takarda, ka jira.
Ran da ka danna ta amsa, ranar ce.
Ba jiya ba. Ba gobe ba."

Ɗakinmu na Ketu mu shida ne a ciki,
ta zama ta bakwai, ba ta biyan haya.
Laraba na danna:
tauri, kamar zuciyar mai gidan.
Alhamis Ɗan'asabe ya taɓa ta da yatsan ƙafa,
ya ce an sayar min da dutse mai gemu.
Ban tanka ba.
Ni da na san albasa tun tana ɗanyen lawashi,
na san abin da ke ƙasa ba a yi masa gaggawa.

Juma'a mota ta maƙale mana a Bega,
buhu ɗari da ashirin, rana tana dafa su.
Na wuni ina zagi, ina lissafin asara,
na manta da baƙuwata sam.

Da dare, tun daga zaure,
ƙamshi ya riga ni sallama.

Babu wuta. Na kunna fitilar waya.
Koren ya dushe, ƙayoyin sun kwanta,
na danna, ta amsa,
kamar kumatun yaro mai barci.
Da hannu na raba ta.
Fara fat a ciki,
audugar da aka jiƙa a kindirmo.

Tsami ne ya fara gaishe ni,
ba na tsamiya ba, ba na lemo ba,
wani tsami mai kunya, ya leƙo ya koma,
sai zaƙi ya biyo shi a hankali,
ya shimfiɗa tabarma a kan harshe.
Can ƙasa kuma, can ƙasa,
sai ga gwandar daji ta bayan garinmu,
wadda muke tsinka ni da yayana Jatau,
awaki na ɓarna a gonar mutane,
mu muna tofar da 'ya'ya, wa ya fi nisa.
Shekara tara ke nan da binne shi.
Ban zaci zan same shi a Legas ba.

Gefe ɗaya har ya soma ja,
ruɓa ta sa ƙafa a bakin ƙofa.
Da motar ta ƙara kwana a hanya,
da ƙudaje ne suka ci gādona.

Ɗan'asabe ya farka, ya ce, "Ɗan sam min dutsen."
Na sam masa.
Ya yi shiru har ya lashe gwiwar hannu.

Da safe Tasalla ta kira, 'yar autata,
ta ce, "Baba, yaya take a baki?"
Na buɗe baki, na rufe.
Ta ce in aiko mata.
Yaya za a yi abin da ransa kwana ɗaya ne
ya yi kwana biyu a bayan tirela?

'Ya'yan dai na wanke, baƙaƙe, masu sheƙi,
ashirin da bakwai, na ƙirga,
suna cikin kwalin ashana a aljihun gaba.
An ce ƙasarmu ta yi mata bushewa.
An ce.
Akwai wani lungu bayan rijiyar gidanmu
inda ruwan alwala ke taruwa.